Gogen Barmo a Bututun Hita

Kun ji shi. Kada wani ya dube ni ya ce bai ji ba. Duk wanda ya zauna a benenmu na unguwar Highbridge a Bronx, mai hawa shida, a saman tudun da bas ke nishi kafin ta kai, ya ji gogen Baba Barmo. Bututun hita mai ɗumama ɗakuna ne ke ɗauko sautin daga ɗakin boila, inda ake dafa ruwan hitar a ƙarƙashin ƙasa, ya raba wa kowane gida, daga hawa na ɗaya har na shida. Bayan la'asar yake farawa. Mata na tuƙa tuwo suna ji, maza na ɗaure takalmin fita aikin tasi suna ji. Na sha ganin mahaifiyata ta rage wuta ta tsaya jikin hita da muciya a hannu. Amma idan kuka haɗu da shi a matakala yana jan buhun shara, sai ku ce, "Sannu da aiki, Baba," ku wuce. Fiye da shekara ashirin babu wanda ya tsaya ya ce masa, "Mun ji."

Yau yana kwance a gidan kula da tsofaffi inda nake aiki, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ba ya fitar da kalma. Ranar Lahadi mai zuwa za a rufe wani littafi, kuma a cikinsa akwai kiɗan da ya ƙirƙira da hannunsa, an sa masa sunan wani mutum daban. Bari in gaya muku yadda aka yi, tunda kun zaɓi ku manta.

Baba Barmo ya zo daga wani ƙauye kusa da Dogonduci a 1996. Gidansu gidan masu goge ne tun kakanni, amma da ya sauka a Bronx sai ya ce shi manomi ne. Ya samu aikin shara da goge-goge a benenmu a ƙarƙashin sufa, wato mai kula da ginin, wani ɗan Ireland mai suna Dermot Culhane. Da can unguwar ta mutanen Ireland ce, duk sun tashi, shi kaɗai ya rage. Iyayenmu suna ce masa Malam Kulhan.

Malam Kulhan yana da gogen Turawa mai tsirkiya huɗu, yana ajiye shi a ɗakin boila saboda matarsa ba ta son ƙara. Wata rana ya ciro shi yana kaɗawa, Baba Barmo na zaune a kan bokiti yana kallo. Da ya gama sai Baba ya ce masa da guntun Turancinsa, "Tsirkiya huɗu don kiɗa ɗaya? Kai rago ne. Ni guda ta ishe ni."

"To nuna mini," in ji Malam Kulhan.

Wata guda Baba ya yi yana haɗa gogen. Ƙwaryar daga kantin 'yan Afirka na Tremont ya saye ta. Bai samu fatar guza ba, sai ya sa ta akuya. Gashin wutsiyar doki kuwa, daga tsohuwar izgar da Malam Kulhan ke jan gogensa da ita aka ciro. Ranar da ya fara ja, Malam Kulhan ya yi dariya ya ce kamar an take wutsiyar kyanwa. Baba bai kula shi ba, ya shafa ƙaro ya sake ja. Malam Kulhan ya gaya mini da bakinsa cewa daga nan bai ƙara dariya ba.

Akwai wani kiɗa da Baba ke komawa kansa kullum. Ba na ubansa ba ne, ba na kakansa ba. A ɗakin nan ya yi shi, yana bin bugun da bututu ke yi idan tururi ya taso. Malam Kulhan ya ɗauka a kunne, ya ga tafiyarsa ta yi daidai da wani irin kiɗan rawa na ƙasarsu da ake kira hornpipe, mai taku dogo da gajere kamar ɗingishi mai daɗi, wanda kowane sashe nasa ke ƙarewa da bugu uku: dam, dam, dam. Irin wannan kiɗa sashe biyu yake da shi. Na farko na Baba ne gaba ɗaya. Na biyu Malam Kulhan ya ƙara, don masu rawa su sami inda za su juya.

Mutanen Ireland suna da wata al'ada da ya kamata ta ba mu kunya. Idan ka ji kiɗa a hannun mutum, sunansa kake sa wa kiɗan. Ko bawan gona ne, ko makaho ne mai yawo, duk inda aka kaɗa sai a ce na wane ne. Idan an manta mai shi gaba ɗaya, sai a rubuta *gan ainm*, wato ba suna. Malam Kulhan ya ce wa Baba zai kai kiɗan wurin abokansa, zai kira shi Hornpipe na Barmo.

Baba ya kama hannunsa. Ya ce iyalinsa na hanya, ɗansa Sulaimanu zai taso a nan, ba ya so a ce masa ɗan mai goge a ƙasa ta biyu. Ya sa shi ya yi alkawari ba zai ambaci sunansa ba sai in shi ya ce. Malam Kulhan ya yi alkawarin, ya riƙe shi shekara ashirin da takwas. Duk inda ya kaɗa aka tambaye shi, sai ya ce ba suna.

Wa Baba yake tsoro? Ba Turawa ba. Ku yake tsoro.

A watan da ya wuce aka kira ni ƙofar wurin aikinmu, wai wani tsoho yana nemana. Na tarar da Malam Kulhan a keken marasa lafiya, robar iska a hanci, akwatin gogensa a kan cinya. Rabona da shi tun da ya bar aiki ya koma Woodlawn wurin 'yarsa.

"Ke ce Shamima ta hawa na huɗu," ya ce. "Wadda ta cusa alawa a ramin makulli."

"Ba ni ba ce, Malam Kulhan."

"Ke ce. Sannu." Sannu da madalla su ne duk Hausarsa.

Ya ce ƙungiyar makaɗansu za ta buga littafin kiɗe-kiɗen da aka haifa a Bronx. Ya duba jerin, ya ga kiɗan Baba an rubuta masa Hornpipe na Hanratty. Wani Hanratty ne ya koya a wurin Malam Kulhan, ya naɗa a kaset a 2001, ya rasu. 'Ya'yansa suka ji kaset ɗin, suka bi al'ada, suka sa sunan wanda suka ji a hannunsa. Ba su yi sata ba. Kiɗa suka tarar a ƙasa babu mai shi.

"Shekara da shekaru ina cewa ba suna, alhali na san sunan," ya ce. "Ƙarya ce, amma na iya zama da ita. Wannan kuwa ba zan iya ba. Likita ya ce ba ni da nisa. Ina so Barmo ya sake ni daga alkawarin."

Na ce masa Baba ba ya magana. Na ce bari in fara ganin ɗansa.

Na tare Yaya Sule bayan sallar Juma'a a ƙofar masallacinsu na Tremont. Yanzu Malam Sulaimanu ake ce masa, yana cikin masu kula da makarantar yara. Mutumin kirki ne, ba zan ɓoye ba, shi ya koya mini hawa keke. Ya saurare ni har na gama yana gyara hularsa.

"Ƙanwata, kin ci abinci kuwa? Yunwa ce ke sa ki wannan zafin."

"Yaya Sule, ba wasa nake ba."

"Ni ma haka." Ya ja ni gefe, nesa da masu sayar da turare. "Kin san a ina suke kaɗa abin nan? A mashaya. Kina so a riƙa kiran sunan mahaifina a kan kwalabe?"

"A bukukuwansu ma suna kaɗawa, da makarantun rawa na yara."

"Ke a nan aka haife ki, ba ki san komai ba. Ina da shekara tara a ƙauye, in na shiga wasa sai a ce ga ɗan maroƙa ya zo, a ɓoye kuɗi. Yayata sau biyu ana fasa neman aurenta da an ji gidan da ta fito. Baba ya ƙetare teku don ya binne sunan nan. Ke kuma kin yi digiri kin zo za ki tono shi."

"Kai ka tambaye shi ko har yanzu yana so a binne?"

"Mutumin da ke jiran kalmar shahada za ki tambaya zancen goge?"

"To ina gogen? Ko shi ka ba ni in nuna musu. Gashin izgar Malam Kulhan ne a jiki."

Ya dubi titi. "Ranar da muka kwashe ɗakinsa na sa shi a shara."

Mutumin da ya yi shekara ashirin yana kwashe sharar mutane, abu ɗaya da ya ƙera da hannunsa a ƙasar nan can ya ƙare.

Ranar Laraba da hantsi na tura Malam Kulhan zuwa ɗakin Baba. Baba na kwance yana kallon rufi, sun aske masa gemu ba daidai ba. Da ya ga baƙon, idonsa na hagu ya buɗe sosai.

"Sannu, rago," in ji Malam Kulhan. "Ka kwanta ka bar mini shara."

Wani sauti ya fito daga maƙogwaron Baba. Na yi shekara biyu ina kula da shi ban taɓa jin ya yi dariya ba, shi ya sa ban gane ta da wuri ba.

Malam Kulhan ya buɗe akwati. Izgar na zamewa, farkon ya fito a karkace. Sai ya kama hanya. Kiɗan nan ne, wanda na girma ina ji ta hita ina aikin makaranta a ƙasan tebur. Na dubi Baba. Hannunsa na hagu, mai rai, ya kama ƙarfen gefen gado, yatsunsa huɗu na tashi suna sauka a jikin ƙarfen yadda mai goge ke taɓa tsirkiya. Da aka shiga sashe na biyu, yatsun suka tsaya cak. Da aka dawo na farko, suka ci gaba. Sau uku aka zaga, sau uku suka yi haka. A wani wuri kusa da ƙarshe sai ya bugi ƙarfen da tafin hannu, ya ɓata fuska.

Malam Kulhan ya sauke izga yana haki. "Kin gani? Tun 1996 yake gyara mini wurin nan. Wai ina sauri."

Ya jira numfashinsa ya dawo, ya ce in fassara masa kalma da kalma. Na durƙusa daidai kunnen Baba.

"Baba, Malam Kulhan ya ce za a rubuta kiɗan nan a littafi. In ba a sa sunanka ba, sunan wani za a sa. Ya ce ka ɗaure shi da alkawari, kai kaɗai za ka kwance. A sa sunanka ko a bari?"

Baba ya daɗe yana kallon ƙofa. Na san wanda yake tunani. Sannan ya saki ƙarfen gadon, ya ɗaga hannun a hankali, ya dafa ƙirjinsa. Ya ɗaga ya sake dafawa.

"Baba, a sa Barmo?"

Ya dafa na uku, ya bar hannun a wurin.

"Madalla," in ji Malam Kulhan, hawaye na bin robar hancinsa.

Ban ɗauki hoto ba. Dokar wurin aikinmu ta hana a ɗauki majinyaci sai da izinin iyalinsa, iyalinsa kuwa Yaya Sule ne. Na ce a raina ba komai, ai Malam Kulhan zai je gaban kwamitin littafin da kansa ya faɗa. Kwana biyar bayan haka 'yarsa ta kira ni. Ya rasu da safe yana zaune a kujera, bai kai ga zuwa ba.

Na je zaman makokinsa. Makaɗa kusan ashirin suka zauna a da'ira. Wani dattijo ya ce bari su yi wanda marigayi ya fi so, Hornpipe na Hanratty. Suka ɗauka gaba ɗaya, ƙafafu na buga dam, dam, dam a kan katako. Ni kaɗai ce baƙar fata a ɗakin, ni kaɗai na san ana kiran mutum da sunan da ba nasa ba.

Da aka tashi na nemi shugabar kwamitin, wata tsohuwar malamar makaranta mai suna Misis Breen. Na zaci za ta kore ni. Sai ta zaunar da ni ta zuba mini shayi, ta saurara har ƙarshe.

"Na yarda da ke," ta ce. "Dermot ya kira ni ya ce yana da magana kan kiɗan nan, bai faɗi ko mece ce ba. Amma iyalin Hanratty suna da kaset. Ke a wace shekara aka haife ki?"

"1998."

"To ba ki isa shaida ba. Kawo mini manya biyu da suka ji shi yana kaɗawa kafin 2001. Ba ma neman takardar kowa, ba ma neman rantsuwa. Su zo su zauna su ce mun ji, su ɗan rera mana yadda suka ji. Mu haka muke yi. Iyalin Hanratty ma na san su, in gaskiya ne, ba sa son abin wani."

Mutum biyu. A benen da gidaje talatin da shida suka sha kiɗan nan kyauta. Na fito ina ganin aikin yini ɗaya ne.

Na fara da Alhaji Gafaru na hawa na biyu, wanda ya riga kowa zuwa ginin. Ya karɓe ni da fara'a, ya tambayi lafiyar Mma mahaifiyata, ya tambayi aiki. Da na faɗi abin da ya kawo ni sai ya fara neman rimot.

"Goge? A gidan nan? Ni dai na san hita na ƙara lokacin sanyi."

"Hita mai amshi, Alhaji?"

"Ke 'yar nan, bakinki ya fi na uwarki. Tsofaffin bututu ne, babu irin kukan da ba sa yi."

"Ranar sunan Kadri ɗanka, an ce kai ka sauka da kanka ka ce ya ƙara ƙarfi don baƙi su ji."

Ya ajiye rimot ɗin. "Wa ya gaya miki?" Ya gyara zama. "Lokacin ban je Makka ba. Kuma Malam Sulaimanu ne ke karantar da jikokina. Da wane ido zan dube shi?"

Kawu Kofi mai gyaran mota ya ce zai je ko da ƙafa, ya ma rera mini kiɗan tun ban tambaya ba, amma a 2004 ya shigo ginin. Wata ta ce mijinta ba zai bari ba. Wani ya ce ba ya shiga wurin da ake rubuta sunaye. Wani ya leƙo ta ramin ƙofa ya ƙi buɗewa, ina jin talabijin ɗinsa.

Na bar mahaifiyata a ƙarshe, don na tabbata da ita. Na same ta a kicin tana yanka kuɓewa.

"Mma, ke kin zo 1995."

"Na san lokacin da na zo."

"Mma, mutum biyu kawai."

"Shamima, ba ruwanmu. Maganar gidan mutane ne. Ɗansa ya ce a'a."

"Shi mai abin ya ce e. Da idona na gani."

"Ke kin gani. Ni in na je, gobe a masallaci a ce Nimatu ta tafi wurin Turawa ta yi waƙa. Ke za ki zauna da su ko ni?"

Na ɗauki jakata. Ina sa takalmi a bakin ƙofa sai na ji ta. Ba ta san tana yi ba. Wuƙa na sauka a kan katako, ita kuma tana rera sashe na farko ta hanci, daidai, har wurin da Malam Kulhan ke sauri, ita ba ta yi sauri ba.

Jiya da na shiga ɗakin Baba ya kama hannun rigata, ya dubi kujerar da Malam Kulhan ya zauna, ya dube ni. Na gaya masa abokinsa ya rasu. Ya rufe ido. Da ya buɗe sai ya dafa ƙirjinsa, yana tambaya. Na ce masa, "Ana kan yi, Baba." Ban taɓa yi wa majinyaci ƙarya ba sai jiya.

Ba na neman ku ce goge halal ne ko haram. Ku bar wa malamai wannan. Ba na neman ku yi faɗa da Yaya Sule, shi abin da kuka koya masa yake tsoro. Abu ɗaya nake tambaya: kun ji ko ba ku ji ba? Kuna koya wa yara a makarantar Asabar cewa ɓoye shaida zunubi ne. To ga shaida a bakinku, ga mai haƙƙi yana numfashi, ba shi da harshen da zai nema da kansa.

Ranar Lahadi ƙarfe biyu na rana kwamitin zai zauna a zauren ƙungiyarsu a Woodlawn. Ba mashaya ba ce, shayi kawai ake sha. Jirgin ƙasa mai lamba huɗu zai kai ku har tashar ƙarshe, ni zan tsaya a ƙasan matakala tun ƙarfe ɗaya. Alhaji Gafaru, da kai nake. Mma, da ke nake. Ku da kuka tashi kuka koma Concourse Village da Tremont kuna karanta wannan kuna cewa ba da ku ake ba, da ku nake. Mutum biyu su sa takalmi su zo, su buɗe baki su ce kiɗan Barmo ne, don ranar Litinin in shiga ɗakinsa in gaya masa gaskiya.